GUDAWAR YARA DA ILIMIN DA YA TSAYA A ZAURE

Ba gidan da ke da yara da bai san gudawa ba. Da bazara in rijiyoyi suka ja baya ruwa ya yi wuya, da farkon damina in ruwan sama ya kwashi ƙazantar gari ya zuba a kududdufi da rijiya, har da hunturu ma, kullum sai ka ji an ce ɗan gidan wane cikinsa ya ɓaci. Saboda yawan ganinta mun raina ta. In aka tambaya sai a ce ai haƙori yake yi, zai wuce. Sau da yawa kuwa yakan wuce ɗin. Amma wani yaron da aka gani yana rarrafe ran Talata, ran Alhamis sai a ji an kai shi makwancinsa. A yi gaisuwa a watse, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya faru a cikin kwana biyun nan.

Abin da nake so in jawo hankalinku a kai, ku malaman makaranta da akawunan ofis, shi ne wannan. An san abin da ke kashe yaro mai gudawa, an kuma san maganinsa fiye da shekara 50 ke nan, maganin kuwa bai fi ƙarfin talaka ba. Da yawanku kun karanta shi, waɗansunku ma sun koyar da shi a aji. Amma ilimin nan yakan tsaya a zaure tare da maigida, bai shiga cikin gida ba inda uwa ke zaune da yaro a cinya da tsakar dare. A ganina nauyin shigar da shi yana wuyanmu mu da Allah ya ba karatu, kuma in yaro ya salwanta a gidan mai karatu don rashin kofin ruwa, ba mu da bakin ɗora wa jahilci laifi.

Bari mu fara da yadda abin yake. Jikin jariri wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Duk sa'ad da ya yi zawo ko amai, ruwa ne ke fita, tare da gishirin da jiki ke aiki da shi. Babban mutum yana da abin da zai jure da shi kwana biyu ko uku, amma yaron da nauyinsa bai wuce kilo 8 ba, in ya rasa abin da bai kai lita ɗaya ba ma ya shiga hatsari mai tsanani. Jini ya ragu, fitsari ya ɗauke, idanu su zurma, jiki ya saki. Wannan bushewar ita ce ke kisa. Ita gudawar kanta, galibinta wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta wadda jiki ke korewa da kansa cikin kwana uku zuwa bakwai. Aikin mai jinya shi ne ya riƙa mayar da abin da ke fita har cutar ta gaji ta tafi. Tukunya ce mai yoyo a kan wuta: kafin a sami abin liƙe ta, in ba a ƙara mata ruwa ba sai ta ƙone.

To, me ya sa ba a ce ruwa zalla ba, sai an haɗa da gishiri da sukari? A wajen shekarar 1960 masana suka gano cewa hanjin mutum yana da wata hanya da sukari da gishiri ke shiga jini tare, ɗaya na jan ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu. Abin mamaki, wannan hanya ba ta toshewa ko da gudawa ta yi tsanani. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a bakin iyakar Indiya. Ruwan da ake ƙara wa mutane ta jijiya ya ƙare. Wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a cikin manyan durom, dangin marasa lafiya suna ɗiba da kofi suna ba su. Kafin haka wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa. Bayan haka abin ya sauko ƙasa da 4 cikin 100. Ku lura, waɗanda suka riƙe kofin nan iyaye ne da 'yan'uwa waɗanda ba su taɓa shiga makarantar likita ba. A wajen 1980 yara ƙanana fiye da miliyan 4 gudawa ke kashewa kowace shekara a duniya. Yanzu adadin ya komo wajen rabin miliyan, kuma ruwan gishiri da sukari yana cikin manyan dalilan wannan ragi. Abin baƙin ciki, Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke ɗauke da kaso mafi yawa na abin da ya saura.

Ga yadda ake yi. Mafi kyau shi ne garin da ake kira O.R.S., wanda ake samu a ƙunshe a asibiti da kemis, domin an riga an auna shi daidai, har an ƙara masa waɗansu gishirai da babu su a gishirin miya. A karanta abin da aka rubuta a jikin ƙunshin, a zuba shi duka a cikin yawan ruwan da aka faɗa, galibi lita ɗaya. Ruwan ya zama wanda aka tafasa ya huce, ko wani mai tsabta da aka amince da shi. In dare ne, ko ƙauyen ba kemis, sai a haɗa na gida: ruwa lita ɗaya, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi ledar ruwan sha, in an rubuta rabin lita a jikinta, guda biyu sun cika lita. A dama har ya narke, sa'an nan a ɗanɗana. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. Awon nan ba wasa ba ne, gama gishiri in ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga, sukari kuwa in ya yi yawa ƙara gudawar yake yi. Don haka ne ma lemon kwalba da ruwan zaƙi na kwali ba su dace ba. Abin da aka haɗa in ya kwana ya wuni, watau awa 24, a zubar a sake sabo.

A fara bayarwa tun zawon farko, kada a jira sai yaro ya galabaita. Wanda bai kai shekara biyu ba, duk bayan zawo ɗaya a ba shi kwata zuwa rabin babban kofi, watau mililita 50 zuwa 100. Daga shekara biyu zuwa goma a ba shi rabin kofi zuwa cikakken kofi. In ya nemi ƙari a ƙara masa. Da cokali ake bayarwa, cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu, yaro yana zaune a cinya, ba ɗure ba. In ya yi amai kada a karaya. A dakata minti goma, a ci gaba a hankali fiye da dā, domin ko ya amayar, wani abu ya riga ya zauna. Aiki ne na haƙuri wanda yakan cinye dare ɗungum, shi ya sa bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba. Maigidan da ya iya zaman hira har sha biyun dare, lalle ya iya karɓar cokali na awa biyu matarsa ta runtsa.

Na biyu, kada a yanke nono. Jaririn da ke shan mama a ƙara ba shi fiye da kullum, domin babu abin da ya fi shi sauƙin zama a ciki, kuma yana ɗauke da abin da ke yaƙar cutar. Wanda ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa: koko, kunun gyaɗa, fate, shinkafa mai laushi, ayaba, dafaffen ƙwai, da ɗan mai a ciki. Akwai masu cewa a bar ciki ya huta. Hanjin da aka hana abinci ya fi daɗewa bai warke ba, yaron kuma ya rame, ramar ta buɗe ƙofa ga wata gudawar, daga nan sai tamowa. Bayan ya warke ma a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, don ya mayar da abin da ya zube.

Na uku, ƙwayar zinki. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a haɗa ta da O.R.S. Yaron da ya kai wata shida ana ba shi miligiram 20 kullum, wanda bai kai ba miligiram 10, har kwana 10 zuwa 14. Ana narka ta a cokali da ruwa ko ruwan nono. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma rage dawowarsa cikin wata biyu ko uku masu zuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina ran da zawo ya tsaya. A cika kwanakin.

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma ya kamata a amsa musu da gaskiya. Uwa za ta ce, na ba shi ruwan nan tun safe, ga shi zawon bai tsaya ba, kai kamar ma ƙaruwa ya yi. Gaskiyarta, ruwan gishiri da sukari ba ya tsayar da zawo, ba a kuma yi shi don haka ba. In ba a faɗa mata wannan tun farko ba, za ta yanke ƙauna ta ajiye kofin, kuma ba laifinta ba ne. A gaya mata abin da za ta duba: idon yaron ya dawo daidai, bakinsa da yawu, yana fitsari, yana kuka da hawaye, ya fara neman wasa. In ta ga waɗannan, magani yana aiki ko da zawo bai ɗauke ba.

Maigida kuma yana da tasa matsalar, ita ce ta fi ba ni tsoro domin tamu ce. Mai albashi yana jin kunya a ce ɗansa ba lafiya ruwan gishiri kawai ya ba shi. Sai ya biya kemis a hanyar dawowa daga ofis, a haɗa masa Flagyl da kafso da wani ruwan magani mai tsayar da zawo, ko ma a yi wa yaron allura, ya shigo gida da leda a hannu yana ganin ya sauke nauyi. Galibin gudawar yara ƙanana irin ƙwayar cutar da ke kawo ta waɗannan magunguna ba sa taɓa ta ko kaɗan. Suna da wurinsu, kamar atini mai jini da kwalara, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗa bayan ya duba. Maganin tsayar da zawo kuwa hatsari ne ga ƙaramin yaro. Yana kashe motsin hanji, ciki ya kumbura, ruwan ya taru a cikin hanji inda ba ya amfanin jiki, iyaye suna murna zawo ya tsaya alhali yaro yana bushewa. Kuɗin da aka kashe a ledar nan da ya sayi O.R.S. da zinki na yara da yawa.

Sai kaka. A gidaje da yawa ita ce likita, maganarta kuwa ta fi ta kowa nauyi. In ta ga madigar jariri ta faɗa sai ta ce ciwon madiga ne, a nemo abin shafawa a ka. In ta ga zawo ta ce haƙori ne, ko a ba da jiƙo, ko a yaye yaron nan take in an ga uwar ta sami ciki. Ba na goyon bayan ɗan boko ya shiga gida ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, gama ta raini yara tun kafin a haife shi, kuma abin da ta gani da idonta gaskiya ne. Madiga takan faɗa, zawo kuwa yakan zo daidai lokacin haƙori. Fassarar ce ke bukatar gyara. Madiga tana faɗawa ne don ruwan jiki ya ragu, in ruwa ya koma sai ta taso da kanta. Lokacin haƙori kuma shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai kowane abu baki, an kuma fara ba shi abinci da ruwan randa. Nonon mai ciki ba guba ba ne, yaye na gaggawa a tsakiyar ciwo shi ne abin tsoro. Ka zauna da ita cikin ladabi ran da kowa ke lafiya, ka yi mata bayani. In ciwo ya zo ka miƙa mata kofin da cokalin, ka ce, Inna, ke kika fi mu haƙuri da hannu. Ran da ta ga madiga ta taso a hannunta, ba ka da sauran aiki, gani ya kori ji. Ita za ta koya wa unguwa duka.

Amma fa jinyar gida tana da iyaka, sanin iyakar nan kuwa rabin aikin ne. A ɗauki yaro zuwa asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba in ya kasa sha ko kama mama, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko jikinsa ya saki yana ta barcin da ba a iya tashinsa sosai, ko ya yi jijjiga. Haka nan in an ga jini a bayan gidansa, ko idanunsa sun zurma, ko ya yi wajen awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba, ko an ja fatar cikinsa an saki ta daɗe ba ta koma ba. Zazzaɓi in ya haɗu da gudawa a je a gwada jini, domin zazzaɓin cizon sauro yakan zo da wannan kama. Zawo mai yawa fari kamar ruwan wankin shinkafa alamar kwalara ce, tana iya kisa cikin awoyi kaɗan. Jaririn da bai kai wata biyu ba, da yaron da dā ma a rame yake, ba a jinyarsu a gida. Wanda kuma aka yi kwana uku ba sauƙi, ko zawon ya kai mako biyu, a kai shi a duba. A kan hanya ma a tafi da kofin ana ba shi.

A nan akwai wani abu da ke hannun maigida shi kaɗai. Sau nawa uwa takan ga yaro ya canja tun hantsi, amma ta zauna jiran mijinta ya taso daga aiki, don ba ta da izinin fita kuma ba ta da kuɗin mota? Kafin ya dawo la'asar ta yi, kafin a shirya magariba ta yi, a ce a bari sai da safe. Kowane magidanci ya gaya wa iyalinsa yau, a gaban mahaifiyarsa in tana gidan, cewa duk ran da aka ga ɗaya daga alamun nan an ba da izini tun yanzu, kada a jira shi. Ya ware ɗan abin da zai kai su asibiti ya ajiye inda matarsa ta sani. Ya sayo ƙunshin O.R.S. biyu ko uku da zinki ya ajiye tun kowa na lafiya, gama ba a fafe gora ran tafiya.

Rigakafi kuma ya fi magani. Bayan gidan yaro ba abin rainawa ba ne, yana ɗauke da cuta kamar na babba, a zuba shi a masai, kada a watsa a tsakar gida inda ƙuda da kaji za su bi. Mai jinya ta wanke hannu da sabulu bayan ta wanke yaro da kafin ta taɓa abinci, in ba haka ba ciwon zai zaga 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. A rufe randa, a ware mata moɗa guda mai tsabta. Jariri ya sha mama zalla har wata shida. Tun watan Agusta na 2022 kuma Nijeriya ta shigar da rigakafin ƙwayar cutar rota cikin rigakafin yara na kullum. Wannan ƙwayar ita ce kan gaba wajen kawo gudawa mai tsanani ga jarirai. Ɗigo ne a baki, a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta a asibitocin gwamnati. Mai karatu ya ɗauki katin ɗansa ya duba ko an cika.

Yanzu gare ku malaman makaranta. A 1980 wata ƙungiya a Bangaladash mai suna BRAC ta fara aika mata gida-gida suna koya wa iyaye haɗa ruwan nan, cikin shekara goma suka kai gidaje fiye da miliyan 10. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta biyan ladan masu koyarwa. Bayan wani lokaci akan aiko wani ya tambayi uwar gida, ya sa ta haɗa a gabansa, abin da ta riƙe shi ke nuna abin da za a biya malamarta. Ashe sun gane abin da kowane malami ya sani, cewa ba a ce an koyar sai ɗalibi ya iya. Mu ma mu yi haka. Darasin awo yana cikin lissafi, to a kawo lita da cokalin shayi da gishiri da sukari cikin aji, kowane yaro ya haɗa da hannunsa ya ɗanɗana. 'Yan matan aji biyar da shida su ne masu goyon ƙanne in an tashi makaranta, nan da 'yan shekaru kuma su ne iyaye. Bayan wata ɗaya a sake tambayarsu ba shiri. Masu horar da malamai su sa wannan cikin gwajin koyarwa. Akawu kuma da ake kawo wa takarda ya karanta a unguwa, in maƙwabci ya kawo ƙunshin magani ya karanta masa awon dalla-dalla, ya sa shi ya maimaita.

Kafin wannan duka, kowa ya fara da gidansa. Yau in ka koma, ka wuce zaure ka shiga ciki, ka tambayi uwargida cokali nawa na sukari ake sa wa lita ɗaya, gishiri kuma nawa. In ta faɗa daidai, madalla. In ba ta faɗa ba, ka aiki yaro ya kawo ruwa da cokali, ku haɗa tare kafin a ci tuwon dare. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.